Katin da ke Jikin Kwalba

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka da itatuwanku. Mama tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, yanzu tana saukowa daga bene ba tare da ta dafa ni ba. Ni ma lafiyata ƙalau. Ka yi haƙuri da rubutuna, a kan gwiwa nake yi, a bencin asibiti.

Na san direban motar da ke kawo dashenku kasuwa ya gaya maka matarka Anti ta haihu, amma iyakar abin da ya sani ke nan. Mama ta ce ni in rubuta maka sauran, tunda waya ba ta shiga can wurinku. Ko da tana shiga ma, ka san ni, in na ji muryarka sai in manta abin da zan ce.

Mace ce, Yaya. Bakwaini ce, ta zo tun lokacinta bai yi ba. Sun sa ta a kwalba, a wani ɗaki mai ɗumi da ke ƙarshen baranda. Ba a shiga sai an wanke hannu har gwiwar hannu, an sa wata riga mai ɗauri ta baya. Ranar da na fara ganinta, ƙafarta na fara dubawa. Tafin ƙafarta bai kai babban yatsana tsawo ba. Akwai siririyar roba a hancinta, ta nan ake ba ta nono. Amma tana motsi, tana harbin iska kamar wadda aka ɓata wa rai. Babbar nas ta ce masu irin wannan harbin su ne ke ba ta wahala daga baya, ta faɗa tana dariya.

Anti jikinta da sauƙi. Ɗinkin yana warkewa, tana cin abinci in na tsaya a kanta. Abin da ya sa na rubuto maka shi ne maganar suna. Kowace kwalba akwai kati a jikinta, da sunan uwa, da nauyin jariri, da wani layi na sunan jaririn. Na kowa an cike, namu ne kawai layin yake fari. Ma'aikatan suna ce mata 'yar bakin taga, don kwalbarta ce kusa da taga. Na tambayi Anti me za a rubuta, ta ce in bar shi haka. Da na sake tambaya washegari sai ta juya fuskarta bango. Ko a magana ba ta cewa 'yata, sai dai yarinyar. Je ki ga ko yarinyar ta farka. Kai wa yarinyar nono. Ita kuwa in ta je ɗakin, a bakin ƙofa take tsayawa ta leƙa, ta dawo.

Ba na so in tayar maka da abin da ya wuce, amma ka san dalili. Wancan karon kun zaɓi suna tun yana ciki, Anti ta ɗinka shi da zare a jikin hula, yaron bai daɗe ba ya koma. Hular tana nan a ƙasan akwatinta, na gan ta lokacin da nake haɗo mata kaya. Mama ta ce kada a matsa mata, a bar komai sai an fito da jaririyar daga kwalba. Ni ma ban matsa ba. Sai dai in na tsaya gaban kwalbar ina so in kira ta, sai in rasa da me zan kira ta, in yi ta tsayuwa kamar baƙuwa.

Ka aiko da suna, Yaya. Wataƙila in daga wajenka ya fito za ta karɓa.

Ƙanwarka,
Auta


Auta sarkin kunya,

Na samu takardarki, na gode Allah da jin lafiyarku. Ki gaida Mama, ki ce mata kada sauƙin ƙafar ya sa ta fara hawa bene tana sauka kamar 'yar makaranta. Ni lafiya lau, sai ciwon baya irin na mai sunkuyo.

Ashe ke bakinki a hannunki yake. Tun da aka haife ki ban taɓa jin kin haɗa magana mai tsawon wannan ba. A bayan tankin ruwa na karanta, don kada mutanen nan su ga idona su samu abin tsokana har ƙarshen shekara.

Na nemi izinin tafiya, shugabanmu ya ce in yi haƙuri. Ruwa ya sauka, lokacin dashe ne, in aka rasa wannan makon an rasa wahalar shekara. Ya yi alkawari da zarar mun gama gangaren da muke kai zai sake ni.

Sunanta Zaituna. Ban daɗe ina nema ba, don tun farkon shekara ni aka ba kula da zaitun. Ba iri muke shukawa ba, reshe muke yanka, ɗan guntu kamar yatsa, ba saiwa ba komai. Mu soka shi a yashi, mu rufe da leda don ya ji ɗumi. Kin ga su ma kwalbarsu ke nan. Sai ya daɗe a tsaye kamar tsinken sakace, baƙon ma'aikaci har ya so ya tuge ya yar. Wata safiya sai ki ga ɗan kore ya leƙo. In kuwa ya kama ƙasa, to jikokin wanda ya dasa shi ma sai sun tsufa sun bar shi. Da na karanta maganar harbin iskar nan, su na tuna.

Ki rubuta shi a katin. Amma da fensir za ki rubuta, kada ki sa biro, kin ji ko? Fensir.

Direba yana ta danna mini oda kamar gobara ta tashi. Ki karanta wa Antinki wannan, ki ce mata ina nan da ita a raina, ta ci abinci. Ke ma ki ci, na san halinki, sai ki ba kowa ki ce kin ƙoshi.

Yayanki


Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka, ya aiki, ya bayan naka? Mama lafiya, ta ce in gaya maka ba ta fara tsalle ba tukuna. Jaririya tana nan, an ƙara mata yawan nonon da ake ba ta, kuma bai dawo ba.

Takardarka ta iso, na yi murna da sunan. Na yi ta maimaita shi a raina ina wanke kofuna. Kafin in shiga wajen Anti na tsaya a shagon bakin ƙofar asibiti na sayi fensir, mai shagon ya fiƙe mini. Sai kuma na tsaya tunanin yadda ake rubutawa, don a takardarka akwai wani ɗan jan layi a ƙarshen sunan, ban gane ba ko h ce ko hannunka ne ya goce. Na yi ta maza na tambayi babbar nas, ta ce da h ake yi, haka 'yar ƙanenta take rubutawa. Matar da ke gadon kusa da Anti, mai 'yan biyu, ta ce sam, y ake sawa a tsakiya, ya fi tsari. Mutumin ofishin rajista ya ce in rage harufa iya yadda zan iya, yarinyar za ta gode mini ranar da aka sa ta aji ɗaya. Na rubuta duka ukun a tafin hannuna, na ce Anti ta zaɓa.

Yaya, ban kai ga nuna mata ba.

Na same ta tana tatsar nono a kofi, na zauna gefen gado na fara karanta mata. Da na zo wajen reshe da leda fuskarta ta ɗan saki, ta ce ɗan'uwanki da itatuwansa. Na ji daɗi, na ci gaba da sauri. Da na karanta maganar fensir sai ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ajiye kofin a hankali ta rufe shi.

Ta ce, "Fensir. Don a ji sauƙin gogewa."

Na ce ba haka kake nufi ba. Ta daɗe tana kallon hannunta, sannan ta ce, "Na ɗauka ni kaɗai ce ban sa rai ba. Ina cewa ko ni na kasa, shi yana can yana riƙe mana. Ashe shi ma."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Tun daga ranar ko bakin ƙofar ɗakin ba ta ƙara zuwa ba. Tana tatsar nono a kan lokaci, ba ta taɓa fashi, ta miƙo mini in kai. In na dawo ba ta tambayata yadda na same ta. Mama ta zo ta yi mata magana a hankali, Anti ta ce to kawai. Ban gaya wa Mama abin da ya jawo ba, don na san ranta zai ɓaci da kai.

Ban taɓa yi maka musu ba, Yaya, kuma yanzu ma ba musu nake yi ba, tambaya ce. A makaranta abin da ba mu tabbatar da shi ba shi muke yi da fensir. In malama ta ce a ɗauko biro, to an gama gyara ke nan. Me ya sa ka ce fensir, har sau biyu? In akwai abin da wani likita ya aika maka ta bakin direba wanda mu ba a gaya mana ba, ka gaya mini. Zan iya riƙewa, ba zan faɗa wa kowa ba.

Ban rubuta komai a katin ba. Fensirin yana cikin jakata.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka. Muna lafiya. Ban san ko kai kana lafiya ba, don shiru ya yi yawa. Na je kasuwa wurin mai sayar da dashenku, ya ce ruwa ya karya gadar da ke hanyarku, motar ba ta zo ba tun wancan zuwan. Ya ce takardata ta baya ma ba ta wuce gadar ba, tana hannun direba. Zan bar masa wannan ita ma ya ajiye. Na yi ta jin haushin ka a raina ina cewa ka ƙi amsawa, ka yafe mini wannan.

Kwanakin baya mun tsorata. Ina tsaye da safe sai na'urar da ke saman kwalbarta ta fara ƙara. Jaririyar ta yi shiru, ba motsi, leɓenta ya canja. Wata nas ta zo ba gudu ba, ta sa hannu ta murza mata baya da tafin ƙafa, sai ta ja numfashi ta harba ƙafa. Nas ɗin ta ce bakwaini sukan manta da numfashi, sai an tuna musu. Ta faɗa kamar ba komai ba ne. Ni kam sai da na zauna a ƙasa.

Yanzu babbar nas ta ce lokaci ya yi da za a riƙa fito da ita ana ɗora ta a ƙirjin uwarta, fata da fata, a ɗaure da zane. Ta ce wannan ya fi duk na'urorin ɗakin amfani, yana daidaita numfashi, yana sa nauyi. Ta je da kanta ta gaya wa Anti. Anti ta ce ɗinkinta yana ciwo. Babbar nas ba ta ja da ita ba, ta fito ta dube ni sama da ƙasa ta ce, ke fa, ƙanwar miji, ko ke ma ɗinki gare ki?

Yaya, ka san ni ko a gaban Mama ba na canja riga. Sai da suka ja labule. Da suka ɗora mini ita ban ji nauyi ba, ɗumi kawai na ji, da zuciyarta tana bugawa da sauri kamar ta ɗan tsako. Kullum ina yi yanzu. Amma tana ta juya kai tana buɗe baki tana nema, ni kuwa ba ni da abin da take nema. Babbar nas ta ce nawa ɗumin aro ne, yana taimako, amma ƙanshin uwarta take so.

Akwai wani abu kuma. Ranar da ta manta numfashin nan, na ce a raina ba za ta ƙara kwana ba suna ba. Na ƙi fensirinka, na ari biro a teburin nas, na rubuta Zaituna a katin, na danna sosai, na bi kai sau biyu. Washegari mai goge-goge ta zo da maganin da suke fesa wa jikin kwalabe, ya taɓa katin, ta bi da tsumma. Kafin in ce wani abu sunan ya narke, ya zama wani shuɗin tabo, ko harafi ɗaya ba a gane wa. Matar ta yi ta ba ni haƙuri. Na zare katin na ninke na cusa a jakata, na roƙi sabo. Anti ba ta gani ba, na gode Allah.

Na san tawada ce kawai da magani. Na sani. Amma na kasa yar da katin. Ka rubuto, Yaya, ko layi ɗaya ne.

Auta


Auta,

Ina lafiya, babu abin da ya same ni. Allah ya sa ku ma haka. An gyara gadar, takardunki biyu suka iso mini tare. Na karanta ta farko a tsaye, ta biyu a zaune.

Babu likitan da ya aiko mini da komai. Babu abin da na sani wanda ba ku sani ba. Yayanki ne kawai ba shi da wayo.

Ki ji yadda abin yake. A nan kowane dashe yana da 'yar farar roba da muke rubuta sunansa a kai mu soka a gefensa. Safe da yamma ana ba su ruwa, rana kuma tana dukan su. Abin da aka rubuta da biro ba ya kai ƙarshen damina, sai ki zo ki tarar da robar fari fat, ki rasa wane ne wane. Shi ya sa in aka ɗauki sabon ma'aikaci, abin da ake fara karɓewa a aljihunsa shi ne biro. Fensir kuwa ruwa ba ya cin sa, rana ba ta cin sa. Akwai itatuwa a nan da suka fi rufin rumfarmu tsawo, wani dattijo ne ya rubuta alamarsu, ya bar aiki tun kafin in zo, har yau ana karantawa. Mu a nan in an ce rubuta da fensir, ana nufin rubuta wanda ba zai fita ba. Bakina ya saba da haka har na manta sauran duniya ba a gandun itatuwa take ba. Direba yana oda, na rubuta abin da nake gaya wa yaran aiki kullum, ban tsaya na ji yadda zai faɗa a kunnen wadda ke kwance a wannan gadon ba. Ni da na san abin da ke ƙasan akwatinta.

Abin da ya samu katinki ba ishara ba ce, halin biro ne. Ki yar da shi, kada ki ƙara ajiye shi a jaka.

Na sa miki ɗaya daga alamomin dattijon nan a cikin ambulan, da ƙasarta da komai, ban wanke ba. Ki ba Antinki. Akwai kuma wata takarda a ninke, tata ce ita kaɗai. Kada ki buɗe. Na san ki da kunya, amma na san ki da son sani.

Jan layin da kika gani odar direba ce, ba h ba ce. Ni ban san yadda ya fi kyau a rubuta ba, a jikin roba zaitun kawai nake sawa. Uwarta ta zaɓa. In ma sunan ne gaba ɗaya ba ta so, ta sa wanda ranta ya kwanta da shi, ni zan amsa. Ke dai ki ajiye mata kati da fensir kusa da ita, ki fita, kada ki tsaya kina kallon ta da idanun nan naki.

Saura kaɗan mu gama gangaren. Shugaba ya ga fuskata yau, bai jira na yi magana ba ya ce motar da za ta biyo bayan wannan da ni za ta tafi.

Auta, ke da ba kya iya sayen gishiri sai kin yi gwajin maganar a hanya, ke ce kika ɗauki 'yata a ƙirjinki. Ban san abin da zan ce miki ba. Allah ya yi miki albarka.

Yayanki


Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka da murna. Mama lafiya, ni lafiya, Anti lafiya. An cire wa jaririya robar hanci, yanzu da ɗan ƙaramin kofi take sha, tana lasa kamar kyanwa. Direba ya ce wannan ce takarda ta ƙarshe da zai ɗaukar mana, in ya dawo kai zai kawo.

Ban buɗe takardar Anti ba, ko a hasken taga ban ɗaga ta ba. Na karanta mata tawa, na ba ta tata da 'yar robar. Ta karanta, ta koma farko ta sake karantawa. Sai ta ɗauki robar ta kankare ƙasar da farce, ta jiƙa yatsa da miyau ta murza rubutun, ta ƙara murzawa da gefen zane. Bai fita ba. Ta ce da yayanki bishiya ya aura da an zauna lafiya. Ban san ko in yi dariya ba, don idonta ya cika. Na ajiye mata kati da fensir a kan 'yar durowar gefen gado na fita, kamar yadda ka ce.

Da na dawo suna nan yadda na bar su. Washegari ma haka. Na ce a raina shi ke nan, bai yi ba. Sai da rana ina shirin tafiya ɗakin ɗumi ta kira ni, ta tambaye ni ko yarinyar tana da nauyi a ƙirji. Na ce ko kaɗan. Ta ce in ta manta numfashi a jikin mutum fa? Na ce nas tana kusa, kuma a jikina ba ta taɓa mantawa ba. Sai ta ce in miƙo mata takalmanta.

Babbar nas da ta gan mu tare ta ja labule kawai kamar kullum muke zuwa. Da aka ɗora mata ita Anti ta sandare, idonta a rufin ɗaki, kamar wadda aka ba riƙon tukunyar wani mai zafi. Jaririyar ta yi ta juya kai yadda take yi mini, sai ta tsaya. Ta kwantar da kumatunta ta yi barci. Ban taɓa ganin ta yi irin wannan barcin ba. Daga ranar Anti take zuwa, ni sai ɗaurin zane da miƙo ruwa. Amma har lokacin yarinyar take cewa, katin kuma fari.

Shekaranjiya ne abin ya faru. Ka san ko mafi ƙanƙantar nafkin sai ya kai mata hammata, ba ya kama ta. Tana kwance a ƙirjin Anti, mai 'yan biyu tana gefe da nata, sai na ga Anti ta zabura ta leƙa cikin zanen. Fitsari ne, ya gangaro mata tun daga ƙirji har cinya.

Ta ce, "Haba Zaituna, daga zuwa sai ki yi mini wanka?"

Ɗakin ya yi tsit. Mai 'yan biyu ta buɗe baki za ta yi magana, babbar nas ta harare ta, ta rufe. Ita Anti ina jin ba ta san ta faɗa ba sai da ta ji shirun. Na ce bari in ɗauko wani zane, na fita. Na daɗe a bakin famfo ina wanke fuska, Yaya, har wata mata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mana. Na ce a'a, fitsari aka yi mana. Ta dube ni ta matsa.

Da na koma da zanen, Anti ta sunkuyar da kai, bakinta a kan gashin jaririyar, tana faɗin sunan ƙasa-ƙasa tana maimaitawa. Ban miƙa zanen ba sai da ta ɗago da kanta.

Jiya ta cike katin da hannunta. Ba ta sa h ba, ba ta sa y ba, ta ce yadda ya fito daga bakinta haka za ta rubuta. Babbar nas ta karanta ta ce ita dai har yanzu tana ganin da h ya fi, Anti ta ce in ta haifi tata ta sa mata guda biyu.

Anti ta ce in bar mata wuri a ƙasa za ta rubuta wani abu, kuma in juya baya. Sai ka zo.

Ƙanwarka,
Auta

Ka zo da wuri, kada ka tsaya sallama da kowace bishiya. Zaituna ta ɗauko kunnuwanka duka biyu, Allah ya ba ta haƙuri. Ina so ka gani da idonka, don kada ka ce ƙage na yi maka.